Wankin Juma'a

Gidanmu a Jakara yake, cikin wani lungu da mota ba ta shiga, sai dai ta tsaya a bakinsa a yi ta jidar kaya a ka. Kakanninmu Larabawan fatauci ne da suka biyo ayari suka zauna, kuma abin da suka bar mana shi ne cinikin dabino, da hasken fata, da zafin rai. Hasken fatar ya kusa ƙarewa kafin ya iso kaina. Zafin ran kuwa ko kaɗan ba a rage mini ba, kowa a unguwa zai gaya maka.

Akwai kuma wata al'ada da mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kafa a gidan. Duk safiyar Juma'a sai an wanke motar kaya ciki da waje, kuma cikin motar, wato wurin zaman direba, maigida ne da kansa yake wankewa. Yakan ce bai ga dalilin da mutum zai yi wanka ya sa fararen kaya ya tafi masallaci ba, alhali abin da yake ci da shi yana bakin lungu cikin dauɗa. Na taso ina ganinsa ya naɗe wando, ya tuɓe hula, ya sheƙa bokitin ruwan sabulu a ƙasan tsohuwar motarmu, ya bi da burushi, ruwan ya zurare ta ramukan ƙarfe ya bi kwata. Da ya rasu na ɗauki bokitin ba tare da kowa ya ce in ɗauka ba. A cikin duk abin da na gada wannan ne nake yi da alfahari, don masu wucewa sukan tsaya su ce ɗan Alhaji bai yar da gida ba.

Direbanmu tun ina firamare yake gidan. Baba direba muke ce masa, har 'ya'yana ma haka suka taso suna faɗa. Ya girme ni da kamar shekara goma sha biyu. Shi ya koya mini tuƙi a filin idi, shi ya ɗauko gawar mahaifina daga asibiti. Mutum ne da sai ku yi tafiya daga Kano har Maigatari ɗauko dabino bai ce maka kalma ashirin ba, yana dai taunar goro yana kallon hanya. Da na zama maigida sai ya koma ce mini Alhaji, ni kuma ban daina ce masa Baba ba.

Da tsohuwar motar ta gaji har kanikawa suka ɗaga hannu, sai na sayi akori-kura 'yar Kwatano, fara sol, mai kujera mai laushi da fitilu kala-kala a dashbod. Juma'ar farko na fito da bokitina ina ta fara'a. Na buɗe ƙofar direba ke nan, Baba ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Alhaji, irin waɗannan an ce ba sa son ruwa a ciki. A goge da tsumma."

"Haba Baba, mota ce ko jaririya?" na ce da shi. "In tana jin sanyi sai mu saya mata rigar sanyi."

Maƙwabta biyu da suke tsaye suka yi dariya, ni ma na ji daɗin maganata. Na sheƙa ruwan har sai da ya taru a ƙasan su birki da totur, na dirje da burushi, na share da tsintsiya. Baba ya ɗauki tsummansa ya koma wajen taya, bai sake tayar da maganar ba.

A cikin watannin ne ya zo mini da albishir. 'Yar autarsa, wadda take koyarwa a wata firamare, ta sami miji, ɗan wani gidan malamai a Ƙofar Kabuga. Yaran sun daidaita kansu, an kawo kayan na-gani-ina-so, saura dattawan gidan su gama bincike a sa rana. Gidan kuwa sananne ne da rashin wasa da bincike, sai sun bi asalin yarinya da halin ubanta ƙofa-ƙofa. Baba ya zauna a zaurenmu yana juya hularsa a hannu, ya ce shi ba shi da ɗan'uwa a garin nan, in Allah ya kai mu ni ne waliyyi. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce masa in masu bincike suka zo wurina, sai sun gaji da jin alherinsa sun roƙe ni in yi shiru.

Da damina ta kankama motar ta fara nata. Wata Asabar mun ɗauko buhunan dabino za mu kai wa wani abokin ciniki, Baba yana tuƙi ina gefe. Muna hawa gadar Kabuga sai wata jar fitila mai siffar walƙiya ta kunna a dashbod, motar ta saki jiki kamar wadda aka zare wa laka. Baba ya taka totur har ƙasa, ina kallon ƙafarsa, amma inji ko gezau. Tafiya muke, amma irin tafiyar da 'yan adaidaita sahu suke wuce mu suna leƙowa suna tambaya ko amarya muka ɗauko. Bayanmu oda ta ko'ina. Ni dai baki buɗe nake, don a rayuwata ban taɓa ganin an taka mota har ƙasa ta ƙi ko da yin ƙara ba. Da muka lallaɓa muka sauka, Baba ya kashe ta, ya yi bismilla ya sake tayarwa, sai ga fitila ta ɗauke, mota ta miƙe garau kamar ba ita ba.

Muka kai ta wurin tsohon bakanikenmu, wanda tun zamanin mahaifina da kunne yake gano ciwon mota. Ya buɗe bonet yana neman kebur ɗin totur, wannan igiyar ƙarfen da take tashi daga ƙafar direba ta je ta ja inji. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya shiga ciki ya kwanta ya leƙa. Ya fito yana goge hannu ya ce, "Alhaji, wannan ba ta da kebur."

"Ya tsinke?"

"A'a, ba a yi ta da shi ba. Wayar wuta ce kawai ta shiga ƙwaƙwalwarta."

Na tsaya ina kallonsa. Wato ashe wata da watanni muna taka abin da bai haɗu da komai ba sai waya! Duk da haka ya yi iyakar abin da ya sani. Ya canza filogi, mota ta yi lafiya Talata, Laraba, Alhamis, muka ce an gama. Ranar Asabar ta koma gidan jiya. Aka ce gurɓataccen mai ne, aka juye tanki aka wanke. Ta sake yin lafiya tsakiyar mako, Asabar ta sake kwantawa. Aka canza famfon mai, haka. Ni kuwa ina ta zagin kanikawa da masu gidan mai da mutanen Kwatano, ban taɓa zama na lura da wace rana take yi ba. Ga abokan ciniki sun fara kira suna tambayar kayansu, ga ni ba na iya barin abu a raina ya kwana ban samo mai laifi ba.

Mai laifin kuwa wani mai sayar da kayan gyara ne a Ƙofar Ruwa ya miƙo mini shi a faranti. Na je neman shawara, ya fito ya leƙa injin, ya sa yatsa a kan wani abu mai kama da maƙogwaro, inda iska take shiga inji. Ya nuna mini ƙusoshinsa, duk sun yi ƙyalli da shatin sufana.

"Alhaji, an kwance nan, kuma ba da daɗewa ba. Kai ka sa?"

Na ce ban sa kowa ba.

"To, ni dai ban ce komai ba. Amma irin motocin nan, mai kyan ake cirewa a sa mai ciwo. Har ƙwaƙwalwar ma ana ɗauke ta. Kullum muna gani, kuma ba baƙo ne yake yi ba."

Kafin in iso Jakara na gama shari'a na yanke hukunci ni kaɗai a raina. Na tuna mutumin yana shirin aurar da 'ya, na tuna shi kaɗai yake kwana da makulli. Bayan la'asar ne, bakin shagonmu cike da jama'a, masu dako da maƙwabta da masu zaman hira. Ban ja shi gefe ba. Daga inda nake tsaye na ɗaga murya na ce, "Baba, kai ka kwance maƙogwaron injin nan?"

Ya ce, "Ni ne, Alhaji. Na ga ko datti ne, na wanke na mayar."

"Da izinin wa?"

Ban jira amsarsa ba, na ci gaba.

"Shekara nawa kana cin abincin gidan nan? Abin da aka cire a motar nan a mayar da shi, in ana son zaman lafiya. Ba ni makulli."

Ban ce ɓarawo ba, kuma na daɗe ina fakewa da cewa ban faɗi kalmar ba. Amma ko kurma a wurin ya gane abin da nake nufi. Baba ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da yake yi wa hanya in ya ga rami daga nesa. Bai miƙo mini makullin a hannu ba, ya ɗora shi a kan buhun dabino. Ya buɗe bayan kujera ya ɗauki butarsa da dardumarsa, ya yi wa mutane sallama, ya bi lungu a ƙasa.

Kwana huɗu bayan haka dattawa biyu suka yi sallama a zaurenmu. Babban cikinsu baffan yaron da yake neman 'yar Baba ne, malami mai farin gemu da magana a hankali. Bayan gaisuwa ya ce sun zo ne a kan maganar gidan direbana, tunda an ce ba wanda ya san shi kamar ni, kuma sun ji wata magana tana yawo. A lokacin raina bai huce ba, har wani daɗi nake ji cewa ni mai faɗin gaskiya ne ko a kan nawa. Na gyara zama na ce, "Malam, da wata ɗaya da ya wuce kuka zo, da na san abin da zan ce muku. Yanzu kuwa, Allah ne masani." Malamin ya kalli ɗan'uwansa. Suka sha ruwa, suka yi addu'a, suka tafi, ba su ƙara tambayata komai ba.

Na koma tuƙa motar da kaina. Ranar Juma'a na wanke ta fes, har da ƙarin bokiti don huce haushi. Ranar Asabar ta mutu mini a tsakiyar kasuwa, na taka har ƙafata ta yi zafi, wani mai baro ya wuce ni yana yi mini sannu. Na yanke shawarar sayen sabuwar ƙwaƙwalwa. Tsohon bakanikenmu ne ya riƙe ni, ya ce kafin in sayi komai in je wurin wani mutum a Ƙofar Ruwa, a da gyaran rediyo yake yi, yanzu ya koma duba mota da na'ura. Na ce mai rediyo kuma? Ya ce ai motar tawa ta fi kusa da rediyo a kan mota.

Shagonsa ƙarami ne, bayan masu sayar da tsofaffin ƙofofin mota. Mutumin sa'ana ne a shekaru, siriri, da tabarau a kan hanci. Na fara zuba masa labarin yadda aka ci amanata, ya bar ni har na kai aya. Ina jira ya buɗe bonet, shi kuwa ko kallonsa bai yi ba. Ya durƙusa a ƙofar direba, ya soka wata waya a ƙarƙashin sitiyari, ya ce in murɗa makulli amma kada in tayar. Na'urar hannunsa ba ta fi allon ɗan makaranta ba. Ya ɗan jira, sannan ya juyo da ita ya nuna mini harafi ɗaya da lamba huɗu, P2138.

"Mene ne wannan?"

"Motar ce take faɗin abin da yake damunta. Tun ranar farko take faɗa, Alhaji, ba a tambaye ta ba ne."

Ya yi mini bayani a tsaye, yana nuna abin taka totur ɗin da biro. Ya ce a jikinsa akwai 'yan na'urori biyu, kowacce tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota iya inda direba ya taka, kamar shaidu biyu a gaban alƙali. In bakinsu ya zo ɗaya sai ta buɗe wa inji iska. In ɗaya ta ce an taka rabi, ɗayar ta ce ba a taka ba, ƙwaƙwalwar ba ta san wadda za ta gaskata ba, sai ta ƙi su duka, ta kunna jar fitila, ta rage ƙarfi don kada ta kwasa da gudu ta hau kan mutane. Lambar nan, in ji shi, cewa take shaidun biyu sun saɓa.

"To ai shi ne," na ce. "Tunda an sa mata ƙwaƙwalwa mai ciwo."

Bai yi mini gardama ba. Ya danna na'urar, wata doguwar lamba ta fito. Ya ce in je kusurwar gilashin gaba, akwai ɗan ƙarfe a ciki mai ɗauke da lambar motar, in karanto masa. Na karanto harafi-harafi, yana bi da yatsa a kan na'urarsa. Muka kai ƙarshe babu ko ɗaya da ya saɓa.

"Wannan ƙwaƙwalwar da ita ta fito daga kamfani," ya ce. "Ba wanda ya taɓa ta."

"Maƙogwaron fa? An kwance shi, na ga shatin sufana da idona."

Sai a lokacin ya buɗe bonet. Ya cire robar iska, ya danna na'urar, wani ɗan murfi a cikin maƙogwaron ya buɗe ya rufe da kansa ina kallo. Ya haska da tocila ya ce nata ne na asali kuma lafiyarsa ƙalau. Har ya ƙara da cewa wanda ya wanke shi ya san abin da yake yi, bai tura murfin da ƙarfi ya lalata haƙoransa ba, kamar yadda masu gaggawa suke yi.

Innalillahi kawai nake maimaitawa a zuci. Ya sa ni na zauna a kujerar direba, ya ce in taka totur a hankali. A fuskar na'urar layi biyu suna hawa tare, ɗaya yana tafiya sumul, ɗayan yana hawa yana faɗowa yana rawa. Ya kwanta a ƙasa ya cusa kai kusa da ƙafata, ya girgiza wata waya, layin ya yi tsalle, jar fitila ta kunna nan take. Ya zare soket ɗin da ya haɗa wayar da abin takawar, ya fito da shi haske. Ƙusoshin cikinsa sun yi kore shar kamar tsohon kwanon tagulla, ga wani farin gari ya daskare a gefe. Ya shinshina, ya miƙo mini. Ƙamshin garin sabulun da nake saya ne, ba sai an gaya mini ba.

Ya ɗaga robar shimfiɗar ƙasa, ya danna auduga mai kauri da take ƙarƙashinta da tafin hannu. Ruwa ya fito tsakanin yatsunsa.

"Wace rana ta fi yi?"

Na yi tunani, karo na farko a wata uku. "Asabar. Wani lokacin har Lahadi."

"Tsakiyar mako kuma ta ɗan bushe ta yi lafiya. Ranar Juma'a ake yi mata wanka ke nan." Ya girgiza kai. "Wallahi wasu direbobin sai addu'a. Wannan ai ba tsohuwar motar kaya irin roka ba ce da za a riƙa sheƙa mata bokiti. Direban naka ne yake yi mata haka?"

Ga ƙofa ya buɗe mini, kuma sai da na tsaya a bakinta. Na yi shiru kamar na numfashi uku, kuma wannan shirun har yau ina jin kunyarsa fiye da ihun da na yi a bakin shago. Sannan na ce, "Ni ne."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da kai ga aikinsa. Ni kuwa na zauna a kan wata tsohuwar taya a cikin taɓo da farar rigata. Abin da nake ji a kunnena shi ne muryata ina cewa mota ce ko jaririya, da dariyar maƙwabta. Gyaran bai ɗauki daga azahar zuwa la'asar ba. Ya yanke soket ɗin ya sa wani, ya fesa wa abin takawar magani, ya ciro audugar ya shanya a rana. Ya goge lambar daga ƙwaƙwalwar, ya ce in murɗa makulli, in taka a hankali har ƙasa in saki a hankali, don ta sake sanin iyakar ƙafa. Layukan biyu suka hau tare suka sauko tare. Na roƙe shi ya ba ni tsohon soket ɗin, na sa a aljihu.

Daga nan Ƙofar Kabuga na nufa kai tsaye. Motar tana tashi kamar sabuwa, ni kuma ji nake kamar in fita in bar ta a titi. Na sami baffan yaron a zaurensa ya sallami ɗalibai. Na gaya masa komai, ban rage wa kaina ko ɗaya ba. Na ce mutumin nan bai taɓa ɗaukar ko ƙwayar dabino ba sai an ba shi, ni ne na lalata motata da hannuna na ɗora masa. Har soket ɗin na ciro na nuna masa. Ya dube shi cikin ladabi, bai taɓa ba.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka tako," ya ce. "Amma tun shekaranjiya muka aika musu cewa a yi haƙuri. Mu ba mu san mota ba. Ran nan ka gaya mana magana, yau ka zo da wata, duk daga bakinka. In na shiga da ta yau, mutanen gida za su ce roƙonka aka yi, ko tausayi ne ya kama ka. Wacce za mu ɗauka?"

Na yi rantsuwa, na ce zan tsaya a gaban duk wanda suke so in maimaita. Ya ce zai gwada, amma yadda ya faɗa na san an gama. Sau biyu ke nan a yini ɗaya ana yi mini irin wannan bayanin, na shaidu biyu da bakinsu ya saɓa.

Kafin magariba na isa gidan Baba. Yana zaune a kan tabarma a zaure yana ɓare goro. A kusurwa na ga akwati ɗaure da igiya, kayan na-gani-ina-so ne da za a mayar. Na tuɓe takalmi na durƙusa a gabansa, abin da rabona da yi wa wani tun mahaifina yana da rai. Na ajiye soket ɗin da makullin a kan tabarma, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ɗauki soket ɗin ya juya shi, ya shinshina, ya ajiye.

"Na yafe, Alhaji, duniya da lahira. Tashi ka zauna."

"Baba, don me ba ka gaya mini ba?"

"Na faɗa. Ranar farko."

"Sau ɗaya!" Wallahi saura kaɗan in sake hawa kansa da faɗa, ka ji halin.

"Ni ma ban tabbata ba, ji na yi an faɗa," ya ce. "Kuma wankin na marigayi ne. Da wane baki zan tsaya gaban mutane in ce abin da ya bari ne yake kashe mota?"

Ana cikin haka yarinyar ta fito da ruwa a kofi. Ta durƙusa a gabana ta ce mini, "Baba, ina wuni? Ya mutanen gida?" kamar yadda take yi tun tana ƙarama, sai dai idonta yana ƙasa kuma ya kumbura. Ta ajiye kofin ta koma ciki, ban iya shan ruwan ba.

Na tura masa makullin. Ya turo mini shi da ɗan yatsa, ya ce idanunsa sun fara rauni, lokacin hutu ya yi. Mutumin da yake karanta lambar mota tun daga nesa kafin ni in ga kalarta. Ya rako ni har bakin lungu, ya tsaya ya ɗora tafin hannu a kan bonet.

"Ta warke?"

"Ta warke, Baba."

"To madalla. A riƙa goge ta da tsumma."

Washegari bayan la'asar na tsaya a bakin shago, a daidai inda na tsaya ran nan, na ɗaga murya na ce ni na yi wa Baba ƙazafi kuma ni na ɓata motar. Waɗanda suke wurin suka ce Allah ya kyauta, amma ba su kai rabin waɗanda suka ji ta farko ba, kuma ban ji an kai wannan maganar Ƙofar Kabuga da gudu ba. Yaron ya yi aure a wani gidan kafin azumi. Yarinyar damina biyu ke nan tana gidan ubanta, tana zuwa makarantarta tana dawowa, in mun haɗu a hanya ta rusuna ta gaishe ni.

Jar fitilar ba ta sake kunnawa ba. Duk safiyar Juma'a nakan fito bakin lungu, in naɗe wando, in durƙusa a ƙofar direba da busasshen tsumma. Masu wucewa har yanzu sukan tsaya su ce ɗan Alhaji bai yar da gida ba, ni kuma ba na ɗago kai.